Alheri

Alheri (suna, namiji, jam'i: alherai). A tauhidin Kirista, alheri shi ne tagomashin da Allah yake yi wa ɗan Adam kyauta ba tare da ya cancanta ba, wanda ta wurinsa mai zunubi yake samun gafara da ceto saboda mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa. Manzo Bulus ne ya fi zurfafa wannan koyarwa a wasiƙarsa zuwa ga Romawa, inda ya raba alheri da lada, tun da ladan ma'aikaci haƙƙinsa ne.

Muhawara mafi nauyi a kansa ta taso a ƙarni na 5, sa'ad da wani malami mai suna Felajiyus ya koyar cewa mutum yana iya kiyaye umarnin Allah da ikon kansa, sai Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, ya amsa cewa ko niyyar tuba ma baiwa ce daga Allah, majalisar Kartaj ta shekarar 418 kuma ta goyi bayan Agustin. Furotesta, tun daga Martin Luther, suna riƙe da cewa ta alheri kaɗai ake samun ceto, Katolika kuwa, bisa majalisar Trent (1545–1563), suna jaddada cewa alherin yakan sabunta mutum har ya ba da haɗin kai ta ayyuka nagari.