Ƙaurar Masu Karatun Littattafan Soyayya daga Shagon Haya zuwa Wayar Hannu

An yi rubutu mai yawa a kan littattafan nan na Hausa da jama'a su ke kira na soyayya, waɗanda Malam Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. An yi maganar marubutansu, an yi maganar jigoginsu, an kuma yi doguwar muhawara cikin jaridu kan ko sun cancanci a kira su adabi. Amma masu karanta su, waɗanda galibinsu mata ne, ba a cika ba da labarinsu ba, alhali kuwa cikin shekara 40 sun sake mazauni ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ko wane zango suka sauka sun iske juna, sun ci gaba da hirarsu. Abin da ba su iya ɗauka ba in za su tashi shi ne rubutun da suka tara a zangon baya.

Mazauninsu na fari shi ne littafin kansa. Kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid cikin 1980, amma sa'ad da tattalin arzikin Nijeriya ya karye, kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai marubuta suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya cikin 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino kuma ya fitar da In Da So Da Ƙauna cikin 1991, dukansu kuwa 'yan ƙungiyar Raina Kama ne. Da ya ke marubucin shi ne maɗaba'ar kansa, yakan sa adireshinsa cikin littafin, masu karatu su yi ta aiko masa da wasiƙu, wani na yabo, wani na ƙorafi kan yadda aka ƙare labari, wani ma neman shawara ya ke yi kan tasa soyayyar. Labari kuma yakan fito kashi kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, saboda haka tsakanin fitowar wani kashi da wani akwai lokacin da za a yi ta tsinkaye da gardama.

Wanda ba shi da kuɗin saye ba a bar shi a baya ba. Akwai shagunan haya cikin unguwanni, inda a ke ba da littafi kwana ɗaya ko biyu a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Matar da ke cikin kulle takan aiki yaro ya karɓo mata, in ta gama ta miƙa wa maƙwabciya, har littafi ya yage. Gidajen rediyo kuma suna karanta waɗansu, marar boko ya ji da kunnensa. Watau dai tun kafin a san intanet, al'adun da za a gani daga baya sun riga sun kafu: labari gutsure gutsure, da aro, da mai karatu ya faɗa wa marubuci ra'ayinsa kai tsaye.

Cikin 2001 aka sami abubuwa uku. Wayar salula ta shigo Nijeriya, Gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i, Farfesa Abdalla Uba Adamu kuma ya buɗe zauren Finafinan Hausa a ƙarƙashin kamfanin Yahoo, inda a ke musayar ra'ayi ta wasiƙun kwamfuta. Wannan zaure na malaman jami'a ne da 'yan jarida da Hausawa mazauna ƙetare, domin a lokacin sai mai hali ke shiga intanet. Talakawan masu karatu ba su leƙa shi ba. Abin da ya taɓa su shi ne abin da ya auku cikin 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, sa'ad da aka ƙone littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun 'yan makarantar mata, sa'an nan hukumar tacewa ta matsa wa marubuta su yi rajista, su kawo rubutunsu a duba. Ga tsadar takarda, ga waɗansu manyan marubuta sun koma harkar fim. Kasuwar littafin bugu ta soma sanyi.

Ana cikin haka waya mai intanet ta yi araha. Marubuta, musamman sababbi waɗanda ba su taɓa shiga maɗaba'a ba, suka fara sakin labari shafi shafi a Facebook, masu karatu na amsawa nan take a ƙarƙashinsa. Waɗansu suka nufi Wattpad, wani kamfani na ƙasar Kanada da aka kafa cikin 2006, inda karatu kyauta ne. Waɗansu kuma suka kai littattafansu OkadaBooks, wanda Okechukwu Ofili ya kafa cikin 2013, domin a can ana saye da kuɗi. Amma inda jama'a suka fi yin sansani shi ne WhatsApp, kuma dalilinsa a fili ya ke. Ba ya cin kuɗin data da yawa, ba ya bukatar Turanci, mace kuma tana iya shiga zauren da mata ne zalla, ba idon baƙo.

A nan ne tsarin ya yi kama da na shagon haya ƙwarai. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta, in labari ya kama mutane ta tsaya, ta ce mai son ci gaba ya biya. Akan biya ta banki ko da katin waya, masu karatu na Jamhuriyar Nijar kuma akan ba su wata lamba dabam su biya da kuɗin sefa, sa'an nan a sa mutum cikin zauren waɗanda suka biya. Har girman zauren ma kamfani ne ya ƙayyade shi: daga 2016 mutum 256 kaɗai zaure ke ɗauka, sai cikin 2022 aka ɗaga shi zuwa 512, kana 1,024. Saboda haka marubuciya mai farin jini takan riƙe zaure da yawa lokaci guda. Tsohuwar al'adar aro kuwa ta juye ta zama cuta, gama littafin takarda in an ara, hannu ɗaya ya ke zuwa, amma shafin waya in aka tura shi, cikin sa'a guda ya game zaurukan da ba su biya ko kwabo ba. Shi ya sa a ke yawan ganin Allah ya isa a saman shafi tun kafin a fara labari. Masu karatu kuma sun sami iko irin wanda masu wasiƙa ba su taɓa samu ba, tun da ana rubuta labarin ne suna kallo, in suka yi caa a kan wata tauraruwa marubuciya na iya sauya mata makoma.

Sai dai duk waɗannan gidaje na haya ne, masu su kuma ba don Hausa suka gina su ba. Kamfanin Yahoo ya share abin da ke ajiye cikin zaurukansa daga ƙarshen 2019, ya rufe su ɗungum ran 15 ga Disamba, 2020, muhawarar shekaru ta tafi sai abin da wani ya kwafa ya adana. OkadaBooks ya rufe ran 30 ga Nuwamba, 2023. Masu karatu dai ba su watse ba, domin marubuciyarsu su ke bi, lambar wayarta kuwa tana hannunsu, inda ta sauka nan za su sauka, ko manhajar ArewaBooks ce, ko Telegram, ko tashoshin YouTube da ke karanta labari da murya kamar yadda rediyo ya saba.

Wahalar tana kan mai nazari. Littafin 1991, ko da takardarsa ta yi ja, ana samunsa a ɗakin karatu na jami'a, da sunan marubuci da na maɗaba'a. Labarin da aka rubuta a WhatsApp cikin 2017 kuwa, sau da yawa da sunan aro aka sake shi, ba shekara a jikinsa, kwafin da ke yawo wani ne ya harhaɗa shi, wataƙila ya yanke wani wuri ko ya cire sunan mai shi. Amsoshin masu karatu, waɗanda su ne suka karkata labarin, suna cikin wayoyin da suka lalace ko aka sayar. Ɗalibin da zai rubuta tarihin ƙagaggen labarin Hausa na shekarun 2010 zuwa 2020 dole ya bi marubutan da masu riƙe da zauruka ɗaya ɗaya, ya roƙi abin da ya rage a hannunsu.