Takin gida da kiwon tana: kayan aiki, yadda ake yi, da iyakar amfaninsu

Takin gida shi ne takin da ake samu idan aka tara ragowar kayan miya, ɓawon 'ya'yan itatuwa, busasshen ganye da kashin dabbobi, aka bar su suka ruɓe bisa tsari har suka zama baƙar ƙasa mai laushi. Kiwon tana kuwa reshe ne na wannan aiki: a zuba sharar a cikin akwati, tana ta cinye ta, kashin da ta fitar ya zama taki mai kyau.

Batun ya wuce na masu lambun bayan gida. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya nuna cewa an zubar da abincin da ya kai tan biliyan 1.05 a shekarar 2022, kuma kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito. Idan irin wannan shara ta danne a bola ba tare da iska tana ratsa ta ba, takan fitar da iskar metan, wadda cikin shekara 20 take ɗumama duniya kimanin ninki 80 fiye da iskar kabon. A ɗaya ɓangaren, takin zamani ya yi tashin gwauron zabo bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, domin Rasha tana cikin manyan masu fitar da shi. Abin da birni yake kashe kuɗi wajen kwashewa, shi ne gona take nema.

Asalin aikin

Manoma sun daɗe suna zuba taki tun kafin a rubuta ka'idojinsa. A karkarar da ke kewaye da birnin Kano, wadda masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazari a kanta, jakuna sukan shigo da itace da amfanin gona, su koma da toka da shara da kashin dabbobi. Hakan na daga cikin dalilan da suka sa ake noma gona ɗaya duk shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. A Burkina Faso, Yacouba Sawadogo ya farfaɗo da dabarar zai, wato haƙa ƙananan ramuka a fako a zuba musu taki, gara ta huda ƙasar, ruwan sama ya samu hanyar nutsewa. A jihar Tawa ta Nijar ana kiran wannan dabara tassa.

Wanda ya tsara aikin a rubuce a zamanin nan shi ne Albert Howard, Baturen Ingila da ya yi aiki a garin Indore na Indiya. A 1931 shi da abokin aikinsa Yeshwant Wad suka wallafa hanyar jera busasshen abu da ɗanye da kashin dabbobi hawa-hawa, ana juyawa lokaci-lokaci. Game da tana kuwa, Charles Darwin ya shafe fiye da shekara 40 yana lura da ita, ya fitar da littafi a kanta a 1881, shekara guda kafin mutuwarsa. Shigar akwatin tana cikin gidajen birni ya samu karɓuwa ne bayan 1982, lokacin da Mary Appelhof, malamar kimiyyar halittu a jihar Mishigan ta Amurka, ta wallafa littafin koyar da shi.

Yadda ruɓewa take gudana

Masu aikin na haƙiƙa su ne bakteriya da fumfuna da sauran ƙananan halittun da ido ba ya gani. Abu huɗu suke buƙata: kabon, naitirojin, ruwa da iska.

Kabon yana cikin busassun abubuwa: karan dawa da na masara da aka sassara, ɓuntun shinkafa, ƙaiƙayi, busasshen ganye, kwali da garin katako. Naitirojin yana cikin ɗanyu: ragowar tumatir da alayyafo da kabeji, ɓawon ayaba da na dankali, ɗanyar ciyawa, ganyen shayi da kashin dabbobi. Ma'aunin da masana suka fi amincewa da shi shi ne kabon 25 zuwa 30 ga kowane naitirojin 1. A aikace, bokiti biyu ko uku na busasshe ga bokiti ɗaya na ɗanye yakan kusanci wannan.

Ana gwada danshi da hannu: idan aka damƙi tarin aka matse, ya kamata ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito. Idan ruwa ya zubo, ya yi yawa; idan ya wargaje, ya yi kaɗan. Tarin da ya kai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi yakan yi zafi cikin 'yan kwanaki har ya kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas. Wannan zafi ne yake kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Idan ana juya shi duk mako ko mako biyu, yakan nuna cikin wata biyu zuwa uku. Idan an bar shi haka nan, sai ya ɗauki wata shida zuwa shekara. Alamar nunarsa ita ce ya huce, ya yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko, kuma ba a iya gane abin da aka zuba.

Kayan aiki

Rami ko tari a ƙasa. Shi ne mafi arha. A wuri mai zafi da bushewa rami ya fi, domin yana riƙe danshi. Da damina kuwa tari a kan tudu ya fi, don kada ruwa ya kwanta. Ana rufe shi da tsohon buhu ko zana.

Akwati mai ɗaki uku. Ana yin sa da katako, bulo ko ragar waya. Ɗaki na farko na sabuwar shara, na biyu na wadda aka juya, na uku na takin da ke ƙarasa nuna. Ya dace da makaranta ko babban gida mai dabbobi.

Durom ko babbar roba mai murfi. A huda jikinta da gindinta don iska ta shiga, ruwa ya fita. Ita ta fi dacewa da gidan haya, domin tana hana ɓeraye da kaji tonawa.

Durom mai juyawa. Ana ɗora shi a kan ƙarfe a kwance, ana murza shi da hannu. Yana sauƙaƙa juyi, kuma kowane mai walda yana iya haɗa shi. Aibinsa shi ne yakan yi caɓi idan aka ƙaranta busasshe.

Bokitin bokashi. Dabara ce da ta yaɗu daga Japan a shekarun 1980 ta hanyar aikin Farfesa Teruo Higa. Ana danna sharar a bokiti mai rufuwa ruf, a barbaɗa dusar da aka cuɗa da ƙwayoyin tsami, a bar ta kimanin mako biyu. Abin da ya fito bai zama taki ba tukuna. Sai an binne shi a ƙasa ya ƙarasa.

Injin lantarki. Yawancin waɗanda ake tallatawa busar da shara suke yi su niƙe ta cikin sa'o'i. Garin da suke fitarwa bai ruɓe ba, kuma suna buƙatar wuta tsayayya.

Ragowar kayan su ne cebur, manjagara, adda, rariyar tankaɗe taki da safar hannu. Wanda ba shi da ma'aunin zafi yana iya soka sandar ƙarfe a tsakiyar tarin, ya zare bayan ɗan lokaci ya taɓa.

Kiwon tana

Ba kowace tana ce take zama a akwati ba. Wadda ake tonowa a fadama mai haƙa rami ce zuwa ƙasa, ba ta jure zaman ƙunci. Ana neman irin da ke rayuwa a saman ƙasa cikin ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi. Mafi shahara a duniya ita ce jar tana, wadda masana suke kira Eisenia fetida. Asalinta Turai, kuma ta fi walwala tsakanin digiri 15 da 25. Ta biyu ita ce Eudrilus eugeniae, wadda asalinta Afirka ta Yamma ne. Ta fi girma, tana son zafin digiri 25 zuwa 30, amma ba ta jure sanyi. A yau ana kiwonta a Indiya da Filifin da wasu ƙasashe masu zafi.

Tana ba ta da huhu, ta fata take numfashi, saboda haka bushewa mutuwa ce a gare ta. Ba ta da ido amma tana gudun haske. Kowace ɗaya tana ɗauke da gaɓoɓin namiji da na mace, sai dai biyu ne suke haɗuwa kafin kowacce ta ajiye ƙwanson ƙwai. Idan yanayi ya yi daidai, takan ci abin da ya kai kusan rabin nauyinta a yini. Wato rabin kilo na tana yana iya cinye kusan rubu'in kilo na shara kullum, bayan ta saba da wurin.

Akwatin yana son faɗi fiye da zurfi. Santimita 30 ya wadatar. Baho, akwatin katako ko rabin durom duk suna yi, muddin an huda gindin, an rufe saman da jiƙaƙƙen buhu. A shimfiɗa yagaggen kwali da busasshen ganye da tsohon kashin shanu, a jiƙa, a ƙara ɗan yashi, domin tana da yashi take niƙa abinci a cikinta. A riƙa binne abincin a ƙarƙashin shimfiɗar, ana sauya kusurwa. Akwai akwatuna masu hawa-hawa da ake sayarwa: idan na ƙasa ya cika, sai a koma zuba abinci a na sama, tanar ta haura da kanta.

Bayan wata uku zuwa shida ake kwashe takin. Hanya mafi sauƙi ita ce a tura tsohon gefe guda, a sa sabuwar shimfiɗa da abinci a ɗaya gefen, a jira mako biyu ko uku ta ƙaura. Ruwan da ke tsiyayowa daga gindin akwati yana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta, don haka ba a zuba shi a kan latas da sauran ganyen da ake ci ɗanye.

Abin da ba a sawa, da matsalolin da aka saba gani

Ba a sa nama, kifi, mai, madara ko miya mai gishiri, domin suna jawo wari da ɓeraye, gishiri kuma yana kashe tana. Ba a sa kashin kare, na kyanwa ko na mutum. Leda, batir, gilashi da ƙarfe ba sa ruɓewa, batir ma yakan bar guba a ƙasa. A akwatin tana, a ƙaranta ɓawon lemo da albasa da barkono, a guji sabon kashin kaji saboda kaifinsa, da kashin dabbar da aka ba maganin tsutsar ciki kwanan nan.

Wari alama ce ta yawan ruwa da ƙarancin iska: a ƙara busasshe, a juya. Tarin da ya ƙi zafi ko dai ya bushe, ko ɗanyen ya yi kaɗan. Ƙudaje na zuwa ne idan aka bar abinci a fili. Ana kare akwati daga tururuwa da cinnaka ta hanyar tsoma ƙafafunsa a gwangwanayen ruwa. A yankin Sahel babban abokin gaba shi ne zafin bazara, wanda yakan haura digiri 40, alhali tana takan fara mutuwa idan shimfiɗarta ta kai wajen digiri 35. Inuwa mai kauri da yayyafa ruwa safe da yamma wajibi ne, haka ma lokacin hunturu da iska ke busar da komai.

Darasin Kyuba da na Siri Lanka

Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, Kyuba ta rasa mafi yawan takin zamani da man fetur da take samu, abinci ya yi ƙaranci ƙwarai. Sai aka mayar da filayen birane lambuna, gwamnati ta ba da fili da malaman gona, takin gida da kashin tana suka zama ginshiƙin noman. Lambun haɗin gwiwa na Alamar da ke gabashin Habana, wanda aka kafa a 1997, yana cikin sanannu. Tsarin ya samar wa birane ganyaye da kayan miya, amma har yau ƙasar tana shigo da mafi yawan abincinta.

Siri Lanka ta bi ta wata hanya. A watan Afrilun 2021 Shugaba Gotabaya Rajapaksa ya haramta shigo da takin zamani farat ɗaya, ba tare da an tanadi isasshen madadi ba. Noman shinkafa da na shayi ya faɗi, aka sassauta dokar a watan Nuwamba na shekarar, kuma a Yulin 2022 zanga-zangar matsin tattalin arziki ta tilasta masa barin mulki.

Lissafi ya bayyana dalili. Takin yuriya yana ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin 100, wato kilo 23 a buhu mai kilo 50. Takin gida yawanci kashi 1 zuwa 2 yake da shi, saboda haka sai an tara fiye da tan guda kafin a kamo buhu ɗaya, kuma a hankali yake sakin abin da ke cikinsa. Ƙarfinsa yana wani wuri: yana sa ƙasa mai yashi ta riƙe ruwa, yana raya halittun cikinta, yana kuma sa takin zamanin da aka zuba ya fi yin aiki. Shi ya sa masana aikin gona suke ba da shawarar a haɗa su biyun.

Rawar hukuma

A taron Abuja na watan Yunin 2006, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ɗaga yawan takin da ake zubawa daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015. Ba a cimma burin ba. Taron Nairobi na watan Mayun 2024 ya faɗaɗa batun, ya haɗa da takin gargajiya da lafiyar ƙasa.

Inda aka yi nisa, doka ce ta ja gaba. Koriya ta Kudu ta hana binne sharar abinci a bola tun 2005, daga 2013 kuma gida yana biya gwargwadon abin da ya zubar. Birnin San Faransisko na Amurka ya wajabta ware sharar da ke ruɓewa a 2009. A Faransa, daga 1 ga Janairun 2024, tilas ne ƙananan hukumomi su samar wa mazauna hanyar ware ta. Matakin farko a ko'ina ɗaya ne: raba mai ruɓewa da marar ruɓewa tun daga ɗakin girki. Manoman da ke sayen shara daga bololin birane suna kwasar leda da fasassun kwalabe zuwa gonakinsu ne saboda ba a yi wannan rabuwa ba. Gida yana iya farawa da bokiti biyu. Kasuwar kayan gwari da mayanka kuwa, inda sharar take fita da yawa kullum, sai hukuma ta ba da fili da motar kwasa da tsari.