Yadda Yukren Ta Yi da Wutar Lantarki Cikin Yaƙi

Ƙasar Yukren tana gabashin Turai, iyakarta ɗaya da Rasha. Sanyin hunturu a can yakan kai har ruwa ya daskare cikin famfo. Saboda haka gidan da aka yanke wa wutar lantarki ya rasa haske da ɗumi da ruwan sha gaba ɗaya.

Yawancin tasoshin wutar ƙasar tun zamanin Tarayyar Sobiyat aka gina su, manya-manya ƙwarai, wayoyinsu kuwa a haɗe suke da na Rasha. Ran 24 ga Fabrairu, 2022, ma'aikatan lantarki suka raba wayoyin nan domin gwaji na 'yan kwanaki. Kafin gari ya waye sosai sai ga rundunar Rasha ta ƙetaro. Ba a sāke haɗa su ba. Ran 16 ga Maris aka jona wutar Yukren da ta ƙasashen Turai, aikin da dā aka shirya yi sai a 2023.

Cikin watan Maris ɗin nan Rashawa suka kama tashar nukiliya ta Zaforijiya, wadda babu mai girmanta a Turai duka. Daga Oktoba 2022 suka dinga harbin tasoshi da makamai masu linzami, garuruwa suka shiga kwana cikin duhu. A Yuni 2023 aka rushe madatsar ruwa ta Kakofka tare da tasharta. A Afrilu 2024 kuma aka ƙone babbar tashar Tirifiliya da ke kusa da Kiyef, babban birni.

Nan ne masu ilmin aikin suka ga aibin babbar tasha, watau harbi kaɗan ya isa ya kashe wutar jiha guda, gyara kuwa sai shekaru. Amma injunan da iska ke juyawa a warwatse suke cikin fili, kowane nesa da ɗan'uwansa. In an sami ɗaya, sauran na nan suna aiki, kuma maƙiyi ba ya so ya ɓata makami mai tsada a kan abu ƙarami. Don haka kamfanin DTEK ya ci gaba da kafa irinsu a Tiligul, cikin jihar Mikolayif, ana yaƙi ana gini. A Mayu 2023 aka buɗe wurin da injuna 19, masu ba da megawat 114. Asibitoci da makarantu da yawa su ma suka ɗora faifan hasken rana bisa rufi, da batura na ajiya.

Kada mai karatu ya zaci iska da rana sun wadatar. Da hunturu yini gajere ne, rana ba ƙarfi, galibin injunan iska na dā kuwa suna kudu, inda Rasha ta mamaye. A 2023 da 2024 tasoshin nukiliya uku da suka rage a hannun Yukren su ne suka ɗauki nauyi mafi yawa, abin da ya gaza kuma aka sayo daga Turai ta wayoyin nan da aka jona a 2022.