Dangin "Ditto": Yadda Kuskuren Kwafi Ya Ɓatar da Kakanni a Ƙidayar Ingila

Ranar 2 ga Janairun 2002, ofishin adana takardun gwamnatin Birtaniya ya ɗora ƙidayar jama'ar Ingila da Wales ta shekarar 1901 a intanet. Sunaye ne sama da miliyan 32, waɗanda aka kulle shekara ɗari bisa ƙa'ida. Jama'a suka yi wa shafin caa, kowa na neman kakansa, har ya durƙushe cikin 'yan kwanaki, bai dawo ba sai bayan watanni. Da ya dawo kuma, wata matsalar ta fito. Mutum ya san kakansa na raye a daren 31 ga Maris 1901, ya san garin, ya san titin, amma kwamfuta ta ce babu shi.

Domin gane inda kakan ya shiga, sai mun bi hannuwan da sunansa ya ratsa. Tun daga ƙidayar 1841, wadda aka fara rubuta sunan kowa a cikinta, ana bai wa maigida takarda ya cike. Idan bai iya rubutu ba, wani ya rubuta masa abin da kunnensa ya ji. Sannan jami'in ƙidaya ya kwafe takardun unguwarsa cikin littafi, aka lalata na asali. Wato littafin da ya rage shi kansa kwafi ne. Bayan shekara ɗari, aka buƙaci masu karanta wannan rubutun hannu su buga shi a kwamfuta. An fara ba fursunoni aikin, da ya fi ƙarfinsu aka tura sauran ga kamfanoni a Indiya da Siri Lanka, wurin ma'aikatan da ba su taɓa jin sunayen ƙauyukan Ingila ba.

Kowane hannu ya bar tabonsa. A rubutun Turawa na wancan zamani, babban harafin L da S suna kama, haka T da F, haka ƙaramin u da n. Shi ya sa "Lawyer" kan koma "Sawyer": lauya ya wayi gari mai yankan katako. Abin dariya kuma, jami'an ƙidaya ba sa maimaita sunan dangi a kowane layi. Bayan maigida, sai su sa wa matarsa da 'ya'yansa "do" ko "ditto", ma'ana "kamar na sama". Wasu masu bugawa suka ɗauka suna ne, sai ga gidaje a cikin rumbun bayanai da sunan dangi Ditto.

Mu masu rubuta manhaja mun san dalilin da ƙaramin kuskure ke zama babba a nan. Mutum idan yana duba littafi, zai ga sunan da aka karkata ya gane shi, domin ga matar, ga 'ya'yan, ga lambar gidan. Kwamfuta kuwa haruffa take gwadawa da haruffa. Harafi ɗaya ya sauya, ta ce ba ta san shi ba. Hoton shafin yana nan lafiya lau, amma ƙofar shiga gare shi ta rufe. Mafi muni shi ne wanda bai sami kakansa ba sai ya kama wani mai irin sunan, ya ɗora a bishiyar danginsa, wasu su kwafa daga gare shi. Bayan 'yan shekaru, kuskuren ya sami shaidu goma, alhali duk daga tushe ɗaya suke.

An nemi magani. A da, FamilySearch ta daɗe tana amfani da tsarin da mutum biyu za su buga shafi ɗaya kowa shi kaɗai, na uku ya raba gardama inda suka saɓa. Shafukan bincike suka ƙara neman suna ta kamannin sauti, suka ba masu amfani damar aika gyara. Ƙidayar 1911, da aka buɗe a 2009, ta rage hannu ɗaya, domin takardun da magidanta suka cike da kansu ne suka tsira. Ta 1921 ta fito a Janairun 2022.

Kulawa da waɗannan ya zama dole, domin ba su da magaji na kusa. Takardun ƙidayar 1931 na Ingila da Wales sun ƙone ƙurmus a gobarar 1942, ba a kuma yi ƙidaya a 1941 ba saboda yaƙi. Sai ta 1951, wadda ba a sa ran buɗewa kafin 2052. Wanda aka ɓata wa suna a 1921, jikokinsa na iya shafe shekara talatin ba su ga wata ƙidayar da za ta nuna shi ba.

Saboda haka ƙwararrun masu bin salsala ba sa tsayawa kan abin da aka buga. Sukan buɗe hoton shafin su karanta da idonsu, su nemi gida ta adireshi ko ta sunan ƙaramin yaro idan na maigida ya ƙi fitowa, su kuma gwada da takardun haihuwa da na aure. Gani ya kori ji.