Daren da Jirgi Ya Fashe a Ikko

Ikko tana bakin teku, nesa da fagen fama, amma Yaƙin Basasa ya iske ta ta sama. A watan Afrilu 1967 aka karkatar da wani jirgin fasinja na Nijeriya zuwa Inugu, mutanen Biyafara suka mai da shi na jefa bom. Ran 7 ga Oktoba, da tsakar dare, ya zo bisa Ikoyi, inda Janar Gowon ke zaune a Barikin Dodan. Nan ya fashe, na cikinsa duka suka halaka, tarkace ya zubo kan gidaje. Soja suka ce su suka harbo shi, waɗansu kuwa suka ce bom ɗinsa ne ya tashi tun ba a jefa ba. Barikin yana nan daura da Obalande, amma gwamnati ta koma Abuja a 1991.