Ƙarfin da Ba Ya Hutawa: Daga Aristotal zuwa Madatsar Goronyo

Tambayar da za mu bi tarihinta ita ce: in aka ɗora wa abu ƙarfi guda, wanda ba ya ƙaruwa kuma ba ya raguwa, me zai auku?

Aristotal, masanin Yunan, ya ɗauka abin zai yi ta tafiya da sauri guda, in an janye ƙarfin kuwa ya tsaya. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ce abin da aka jefa yana riƙe da turin da aka yi masa bayan ya bar hannu. Galileo a 1638, sa'an nan Newton a 1687, su suka tabbatar cewa ƙarfi mai ɗorewa sauri yake ta ƙarawa. Dutsen da ya faɗa rijiya, kowace daƙiƙa saurinsa na daɗuwa da mita 9.8 a daƙiƙa. A 1768 Euler ya bayyana hanyar yanka lokaci gutsi-gutsi, ana sabunta lissafi a kowane gutsure. Bisa irin wannan hanya ce kwamfuta ke kwaikwayon motsin abubuwa a yau.

To, abin da ƙarfi ke turawa bai motsa ba fa? Watau wani ƙarfin ne ya tare shi daidai wa daida. Misalin wannan yana kusa da mu. Madatsar Goronyo, wadda aka gama ginawa a kogin Rima a 1984, ƙasa da rairayi ne aka jibge suka tare ruwa. A zurfin mita 10, ruwan yana danna kowane murabba'in mita da nauyin kusan tan 10, dare da rana, rani da damina. Manomin fadamar Wurno ko Kwargaba ba ya ganin wannan kokawa, alhali kuwa shinkafarsa da albasarsa suna ƙarƙashinta. A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar, ambaliya ta ci ƙauyuka da gonaki a kwarin Rima.

Saboda haka, ɗalibin da ke tsara lissafin kwamfuta, tilas ne ya sa ƙarfin a kowane gutsuren lokaci, don in ya tsallake ɗaya sakamakon ya ɓaci. Haka nan ma'aikacin da ke tsara kasafin gyaran madatsa: shekarar da aka fasa gyara, ruwa bai fasa turi ba.