Hijirar Masu Zane Daga Dandali Zuwa Dandali

Tun kafin a san kwamfuta, mas'alar da ta fi damun ƙaramin mai zane, watau wanda hannunsa ya faɗa amma sunansa bai fita ba, ita ce inda zai rataya aikinsa jama'a su gani. A da, a birnin Paris na ƙasar Faransa akwai wani baje koli da ake kira Salon, wanda waɗansu alƙalai ƙalilan ke zaɓen abin da zai shiga cikinsa, duk wanda suka juya wa baya kuwa da wuya ya sami mai saye. A shekarar 1863 alƙalan nan suka ƙi kusan kashi biyu cikin uku na abin da aka kawo musu, har kuka ya kai kunnen Sarki Napoleon na Uku, ya yi umurni a keɓe wa waɗanda aka ƙi zaure nasu; a 1874 kuma Monet da Degas da Renoir da abokansu suka haƙura da alƙalai baki ɗaya, suka baje nasu a ɗakin wani mai ɗaukar hoto da ake ce wa Nadar.

Sa'ad da intanet ta bayyana, masu zane da kwamfuta suka yi zaton zamanin alƙalai ya shuɗe, kuma lalle a farkon al'amari zatonsu yana da hujja. A watan Agusta na 2000 Angelo Sotira da Scott Jarkoff da Matthew Stephens suka kafa DeviantArt a Amurka, da nufin tara kwalliyar da samari ke yi wa fuskar manhajoji irin su Winamp, amma kafin a jima ya zama matattarar kowane irin zane, inda yaro ɗan makaranta zai saka abin da ya zana da dare, ya wayi gari wani gwani daga wata nahiya ya rubuta masa cewa hannun nan ya yi tsawo, inuwar nan kuma ba ta dace da hasken ba. A ganina falalar wannan gida ita ce, mafi yawan masu kallo su ma masu zane ne, saboda haka yabonsu da sukarsu duka ilmi ne. Aibinsa kuwa shi ne, mai zane ba ya cika sayen zanen ɗan'uwansa, alhali kuwa yabo ba ya biyan kuɗin haya.

A 2007 aka sami Pixiv a Japan da Tumblr a Amurka. Hikimar Tumblr ita ce, wanda zane ya burge yana iya ɗaukarsa ya maimaita a shafinsa tare da sunan mai shi, ta haka aikin wanda ba a sani ba kan bi hannu hannu har ya kai ga dubban mutane. Kamfanin Yahoo ya sayi Tumblr a 2013 kan dala biliyan 1.1. A Disamba 2018 masu shi suka haramta hotunan tsiraici, hukuncin da mai kunya ba zai yi jayayya da shi ba, sai dai na'urar da aka ɗora wa tantancewa ba ta rarrabe halal da haram, ta dinga ɓoye zane-zanen da babu ko shubuha a cikinsu, jama'a suka watse. A 2019 aka sayar da gidan, kamar yadda jaridu suka ruwaito, kan abin da bai kai dala miliyan 3 ba.

Da yawa daga cikin masu zane Instagram suka nufa, wanda Kevin Systrom da Mike Krieger suka buɗe a Oktoba 2010, Facebook kuma ya saya a 2012 kan dala biliyan 1. Nan aka haɗu da masu saye na haƙiƙa: marubuci mai neman bangon littafi, ɗan kasuwa mai neman tambari, ango mai son a zana amaryarsa. Da farko ana jera hotuna bisa tartibin sa'ar da aka saka su, babba da ƙarami kowa ya bi layi. A 2016 aka soke wannan tartibi, aka miƙa hukunci ga lissafin na'ura, wanda ke fifita abin da ya riga ya sami masu so, sa'an nan a 2020 aka shigo da gajeren bidiyo don gasa da TikTok, har shugaban dandalin, Adam Mosseri, ya faɗa a 2021 cewa wurin ya wuce matsayin gidan hotuna kawai. Wanda ya kwana bakwai yana gyaran zane guda sai ya ga an rinjaye shi da bidiyon daƙiƙa goma sha biyar. Alƙalan Paris dai mutane ne masu suna, ana iya kai ƙararsu wurin sarki, amma wannan sabon alƙali ba a ganinsa, balle a tambaye shi dalilin hukuncinsa.

Mai zane a waɗannan wurare misalinsa kamar mai rumfar haya ne a kasuwa, kaya nasa, amma ƙasa da mabuɗin ƙofa na wani. Mu nan Nijeriya mun shaida haka a Yuni 2021, sa'ad da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, ba ta kuwa janye ba sai Janairu 2022, wata bakwai ke nan wanda ya tara mabiyansa a can bai da halattacciyar hanyar isa gare su. A Oktoba 2022 Elon Musk ya saye kamfanin Twitter kan dala biliyan 44, ya sauya dokoki, daga baya har da suna.

Fitinar da ta fi duka girma ita ce ta ƙirƙirarriyar basira, watau na'urorin da aka koya wa zane da miliyoyin hotunan da aka kwaso daga intanet ba tare da iznin masu su ba. A Nuwamba 2022 DeviantArt da kansa, gidan da ya reni da yawa daga cikin masu zane, ya fito da irin wannan na'ura mai suna DreamUp. A Disamba masu zane suka cika wani dandalinsu mai suna ArtStation da alamar ƙin amincewa da zanen na'ura. A Janairu 2023 kuma masu zane uku, Sarah Andersen da Kelly McKernan da Karla Ortiz, suka kai ƙarar kamfanonin na'urar zane Stability AI da Midjourney da DeviantArt kotu a San Francisco. Da aka ji Meta, watau kamfanin Facebook da Instagram, na koyar da na'urorinsa da abin da mutane suka saka a fili, sai aka yi wata hijirar a Yuni 2024 zuwa dandalin Cara, wanda mai ɗaukar hoto Jingna Zhang ta kafa bisa sharaɗin kada a shigo da zanen na'ura. Cikin mako guda jama'arsa suka tashi daga 40,000 zuwa 650,000, kamfanin da ke ɗauke da shafin ya aiko mata da takardar bashin da ya haura dala 96,000.

Saboda haka, ya kai ɗan'uwa mai zane da waya ko kwamfuta, a Kano kake ko a Damagaram, kafin ka zaɓi dandali ka tambayi kanka ko malamai kake nema ko masu saye, domin ba safai suke zama gida ɗaya ba. Ka riƙe wuri biyu da za ka iya kula da su, ka sa hannu a kowane zane, ka adana asalinsa a ma'ajiyarka, duk wanda ya taɓa sayen aikinka kuma ka nemi izninsa ka rubuta lambarsa a littafi.